Gurbin da Ya Rage a Bango

Mai hoto ya tsaya jiran faɗuwar rana a saman wata tsohuwar fada, har duhu ya fara shiga. Matarsa tuni tana mota. Ya sauko da gudu, ya tarar da ƙofar zaure a garƙame.

"Yanzu zan buɗe maka, ɗana," in ji wani dattijo mai makullai a ƙugu. Zauren nan ko tari ka yi sai ya amsa kuwwa, amma muryar dattijon ba ta dawo ba. "Tun safe kake ɗaukar mutanenmu hoto, kai ba wanda ya ɗauke ka. Kawo."

Don kunya ya miƙa masa kyamarar.

"Shiga gurbin can na jikin bango. Matsa baya. Yawwa, kada ka motsa."

Bayansa ya taɓa bango. Sanyi ya kama dugadugansa, ya hau gwiwa. Ya so ɗaga ƙafa, ta ƙi. A waje matarsa na ƙwala masa kira.

Da wutsiyar ido ya dubi jerin gumakan dutsen da ke cikin sauran guraben bangon, waɗanda ya wuni yana yabon sassaƙarsu. Na kusa da shi agogon zamani ne a hannunsa, bakinsa a buɗe kamar mai shirin amsa kira.