Nonon Bayan Ƙofa

Ku tambayi kowane ɗan kabu-kabu da ke tsayuwa a Sabon Gari, zai gaya muku Ɗanlami ba ya jin tsoro. Ni ne na lulluɓa da farin zane na kwanta cikin amalanken mai kankana, da ya yaye buhu ya gan ni, takalminsa ma bai tsaya ɗauka ba. Ni ke ba mutane tsoro, ba a ba ni. Haka nake faɗa a majalisa, har daminar bara.

A daminar ne wata ƙungiya ta ɗauke mu koyon gyaran famfo mai aiki da hasken rana. Ni da furfura a gemu, aka zaunar da ni benci ɗaya da sa'annin ƴaƴana, suka raɗa mini Tsohon Lakwal, wato tsohon ɗan makaranta. Aka kama mana gida a unguwar Zariya, nan cikin gari, mutum bibbiyu a ɗaki. Ɗakin kuwa, in ka yi miƙa sai ka gaisa da bango.

Abokin zamana Maiwada ne, wani siririn saurayi daga ƙauyen bayan Tibiri. Gidansu Anna ne, masu bin abin kakanni. Ba ya hira, ba ya buɗe jakarsa in kana kallo. Ranar farko magana ɗaya ya yi mini.

"Baba Ɗanlami, ɗakin duk naka ne. Bayan ƙofa kaɗai nika roƙo."

Kullum rana ta yi ja, sai ya sayo nono, ya zuba cikin wani baƙin ƙoƙo, ya ajiye bayan ƙofa, ya yi ƙus-ƙus, ya fita. Da na dame shi da tambaya ya ce na Doguwar gidansu ne, iskar da suka gada, kuma cikin ƴan'uwansa shi ta biyo.

Na ce, "Ashe mu uku ne! Shi ya sa ɗakin ya yi mana kaɗan."

Bai yi dariya ba.

Amma a hankali mun fara sabawa. Shi ke karanta mini abin da mushe, malaminmu, ya rubuta a allo, ni kuma na nuna masa inda ake cika kwano da shinkafa da wake. Har ya fara bar mini ragowar kwaɗon zogalensa. Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa.

Wata yamma ya ajiye ƙoƙon ya tafi ɗiban ruwa. Na leƙa, na ɗauka, na shanye tas. Nono mai sanyi, mai daɗi. Na goge gemu, na mayar da ƙoƙon, na kwanta ina minsharin ƙarya. So nake in ga yaron ya yi tsalle yana cewa yau uwar ɗakinsa ta sha.

Ya dawo ya duba. Ya daɗe tsaye, bokitin na ɗiga a ƙafarsa.

"Baba, kai ka sha?"

"Ni? Baƙuwarka dai ta ji ƙishirwa."

"Ba ta sha," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Sansanawa takai. Da sahe ni ka zubarwa gindin iccen bedi. In mutum ya sha, shi hwaɗi da bakinshi yanzu, a ba ta haƙuri, magana ta wuce. In kuwa ita ce da kanta, to ba nono taka so ba."

Nan ya kamata in yi magana. To amma Idirisa na ɗakin kusa da abokansa sun riga sun cika bakin ƙofa suna saurare. Babba da ni, in ce na saci nono? Na dafa ƙirji na rantse ban ko kalli ƙoƙon ba.

Da safe Maiwada ya shirya zuwa gida ya ji ta bakin manya. Yana bakin zaure ya juyo.

"Kada magariba ta iske ka cikin ɗakin nan kai ɗai."

Na ce masa ya gai da mutanen Tibiri.

Da yamma na je butik, kantin unguwa, sayo sukari. Hadari ya haɗo daga gabas, iska na ƙamshin ƙasa. Ina dawowa aka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan, ladan ya fara kira. Su Idirisa sun hura gawayin shayi a tsakar gida. Na tuna wayata na kan katifa. Na ce shiga ɗaya, fita ɗaya.

Na shiga. Ƙofar ta rufe a bayana, a hankali, kamar da hannu.

Warin nono ya cika ɗakin. Ba irin na jiya ba. Tsami mai nauyi, gauraye da warin tsohon rumbu.

Na lalubi katifa. Babu waya.

Sai na ji ƙoƙon. Gangarowa yake a kan siminti, ƙwar, ƙwar, ƙwar. Ya zo ya tsaya jikin ƙafata ta hagu.

Aka ja numfashi.

Ba daga gabana ba. Daga sama, can kusa da kwanon rufi, inda kan mutum ba ya kaiwa.

Aka sake ja. Ya sauko. Na ji hular kaina ta motsa.

Sansana ni ake yi.

Goshi. Gemu. Da aka zo bakina aka daɗe. Sanyi na shiga tsakanin haƙorana. Na nemi Ayatul Kursiyyu, farkonta kawai na iya, shi ma harshena ya ƙi ɗauka.

Maƙogwaro. Ƙirji. A kan cikina aka tsaya.

"Rabona," aka ce. Muryar tsohuwa, siririya, ba fushi a ciki. "Yana nan."

Ƙafata ta hagu ta mutu. Ba zafi. Kawai ta daina zama tawa. Na zube.

Bango ɗaya ke tsakanina da yaran. Ina jin ƙarar kofunan shayi, ina jin Idirisa na dariya. Na buɗe baki in kira shi, iska kawai ta fito.

Na ja ciki. Na miƙa hannu ga ƙofa. Ɗakin da ba ya ɗaukar miƙa, yau ƙofarsa ta yi nisa.

Sanyin ya kai gwiwa.

Aka bangaje ƙofar da ƙarfi. Hasken waya ya faɗo a kaina. Maiwada ne. Ya kama ni ta hammata ya ja ni waje kamar buhun gero, bai ko ɗaga ido sama ba.

Tsakar gida ta cika. Ƴan ajinmu, masu dawowa daga masallaci, mata na leƙe ta katanga. Tare da Maiwada akwai wata gajeruwar tsohuwa, gwaggonsa Ladi, ita ke kula da Doguwar a gida. Ta tsuguna ta matsa cinyata. Ban ji komai ba.

"Kai, ɗan nan, mi ka ci nata?"

"Ban ci komai ba, Gwaggo. Hawan jini ne, dama ina da shi."

Ko ni na ji kunyar muryata. Sanyin ya haura ƙugu.

"In ya kai ƙirji, ba ni da magani," in ji ta. "Maiwada, ɗauko ƙoƙon."

Ta tara shi ƙarƙashin bakina, ta ɗaga tafin hannu ta buga mini a tsakiyar baya.

Tun jiya na ci tuwo, na ci wake, na sha shayi. Ko ɗaya bai fito ba. Nono ne ya fito, fari fat, mai sanyi, kamar yanzu aka sauke shi daga kan Bafilatana. Ya cika ƙoƙon daidai inda Maiwada ke tsayar da shi, ya tsaya.

Ƙafar ta dawo, sai dai har yau in rana ta faɗi ina ɗan janta, kuma giyar moton da nake kabu-kabu da shi da ƙyar nake sawa.

A wannan yammar dai ba wanda ya motsa. Maiwada ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ya kalle ni sau ɗaya, ya kau da kai. Wannan kallon ya fi mini mari.

Sai wata mata daga kan katanga ta buga ƙirji.

"Wai ni ƴasu! Ƙato da furfura, ya rasa abin sata sai nonon aljana!"

Idirisa ya fara, sauran suka ɗauka, har liman ya rufe baki da hannun riga. Ina kwance cikin ƙasa, nono na ɗiga daga gemuna, ba ni da inda zan sa fuska.

Suna ta dariya, ba su ji ba. A cikin ɗaki, bayan ƙofa, an sake jan numfashi, dogo.