Ƙanƙarar da Inna Lalla Ba Ta Sani Ba

"Zulfa, tattaro kayanki! Kin gama zama gidan ga!"

Babana ne. Tun daga Maijirgi ya taho Tasawa da amalanken jaki, ya tsaya tsakar gidan mijina, ko tabarma ya ƙi hawa.

Surukata, Inna Lalla, ta fito daga madafa tana goge hannu.

"Malam, lahiya? Mi yarinyar ta yi?"

"Ita ba ta yi komi ba. Ɗanki ne! Duk tasha an san ƙanƙara shike sha!"

Inna ta yi dariya har da tafa hannu.

"Haba Malam! Cikin zahin ga wa bai shan ƙanƙara? Ni da kaina nike sawo mishi kullum..."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata takwas ina ɓoye mata. Mijina Alkasim direba ne, Tasawa zuwa Maradi, a tasha wani ya fara ba shi abin, wai yana hana barci. Ya hana kuwa! Ya hana barci, ya hana ci, mutumin da ke sa ni dariya har cikina ya ƙulle ya koma zargin kowa. Ni kuma da shegen son da nake masa, in Inna ta tambayi ramarsa sai in ce wahalar hanya ce.

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙullin ledar da yake ɓoyewa, na sa mata a tafin hannu. Farare ne, kamar ɓarzajjen gishiri.

"Inna, ga ƙanƙarar da Baba ke nuhi. Ba ta ruwa ba ce... ƙwaya ce. Ita ke cinye shi."

Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Ashe ina ta sanyaya mishi ruwa, wuta na cin shi."

Sai ta juya wajen ƙofarmu ta ɗaga murya: "Alkasim!"

Har Baba sai da ya sunkuyar da kai. Alkasim ɗanta na fari ne, shekara talatin da biyu bakinta bai taɓa faɗin sunan nan ba, "mai mota" take ce masa.

Ya fito ido jajur, ya zube a gabanta.

"Inna... sunana kika kira?"

"Na kira. Kunyar nan ita ta hana ni duban idonka in ga abin da ke ciki."

Ta dubi Baba.

"Malam, kana da gaskiya, tahi da ɗiyarka. Ni na haihe shi, ni zan kai shi likita Maradi. In ya dawo mutum, shi zo biko da ƙahwarshi. In bai dawo ba, ni zan sa shi sawwaƙe mata."

Na riƙe zanenta. "Inna, ba ni tahiya!"

"Za ki tahi, ɗiyata. Bayanki shike ɓuya."

Alkasim ya ɗago yana hawaye. "Zulfata... za ki jira ni?"

"Wanda na aura zan jira, Yaya. Shi za ka kawo mani."

Ban taɓa ganin mace kamar tsohuwar nan ba. Ta yi jinyarsa a likita, kwananta a kan tabarma. Da aka sallame shi ya sake komawa ruwa, ta sake kai shi. Da ya koma tuƙi kuwa, gaban mota ta kama, ita da carbinta, Tasawa zuwa Maradi, Maradi zuwa Tasawa, har 'yan tasha suka sa mata suna karen mota.

Bayan an yanke hatsi suka zo biko. Na laɓe bayan danga.

Baba ya ce, "Ka warke?"

"Ban ce ba, Baba. Yau wata huɗu ban taɓa ba. Gobe ma sai na roƙi Allah."

Har na fid da rai, sai Baba ya gyaɗa kai.

"Da ka ce mani ka warke, da kai kaɗai za ka koma."

Ban san lokacin da na fito da gudu ba. Alkasim ya miƙe yana murmushi, ni kuwa jikin Inna na faɗa ina kuka. Ta matse ni tsam.

"Ke ja'ira, ga mijinki can! Ni mi zan yi maki?"