Furar da Aka Aiko wa Sauda

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai nake karantawa. Na rubuta ne don har yau ina jin ana cewa iskoki ne suka shiga sansaninmu, ba kuwa haka aka yi ba.

A dogon hutun damina na 1988, iyaye suka haɗa kai suka buɗe sansanin wayar da kan yara kan shaye-shaye a wata firamare tsakanin Kurfi da Birchi. Mu arba'in ne, 'yan ƙaramar sakandare. Kullum da safe Sufeto Tukur na 'yan sanda yakan zo daga Dutsin-Ma bisa babur, ya nuna mana ƙwaya da wiwi cikin kwalabe, ya gaya mana abin da suke yi wa mutum. Ran Talata ya ce duk wanda ya san inda ake ba mutane ƙwaya ya same shi ran Alhamis. Sauda ce kaɗai ta ɗaga hannu.

Ran Laraba bayan azahar aka aika wa Sufeto ya dawo.

Ya tarar da 'yan mata uku ƙarƙashin tsamiyar bayan aji. Rana tsaka, ba mai kuka. Sauda na tsintar wani abu daga iska, tana ajiyewa a cinyarta a hankali. Rahamatu ta durƙusa tana kallon reshe.

"Ina wuni, Kaka? Sauko mana."

Kakar tata ta shekara biyu da rasuwa.

Ta ukun, Huseina, tana kwance gefe bisa tabarma, ta yi amai. Mahaifinta Baba Lado, shugaban kwamitin sansanin, yana kewaya sauran biyun da kaskon turare.

"Ranka ya daɗe, mutanen tsamiyar nan ne. Kowa ya kwashi ɗansa kawai."

"Ko kuma kunun waccan," in ji wani daga baya.

Magdalina yake nufi, mai dafa mana abinci, baƙuwa daga kudancin Kaduna. Tana tsaye bakin madafa ita kaɗai. Samari biyu sun riga sun ɗauki duwatsu.

Sufeto ya tura Kofur Enoch neman mota, ya ce wanda ya matsa kusa da matar nan a ofis zai kwana. Ya tsuguna gaban Sauda. Baƙin idonta ya buɗe ya kusa cinye idon, leɓenta ya bushe ƙamas. Ta dube shi kamar tana duban taga.

"Zakami ne," ya ce. Duk mun san shi, tsiron nan mai ƙwallo da ƙaya da ke fitowa a juji, mai juya hankali.

Ya nufi madafa.

"Yara nawa suka sha kununki?"

"Duka, Yallaɓai. Har ni."

"Wani ya kawo abu daga waje?"

"Babu."

Ya zagaya baya. Inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, kaji biyu na kewaya wuri ɗaya, suna faɗuwa suna tashi, ba su ko kuka. Kusa da su ga 'yar ƙwarya a kife, an wanke ta, da ludayi ɗaya da faifai mai jan zare.

"Wannan fa?"

Magdalina ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Fura ce. Aka ce in ba Sauda ita kaɗai, kada in faɗa, don kada sauran su ji haushi."

"Wa ya ce?"

"Yallaɓai, ni baƙuwa ce. In na faɗi suna, wa zai yarda? Kai za ka koma Dutsin-Ma, ni nan zan kwana."

Bai matsa mata ba. Ya kira Hawwa'u, ƙawar su Sauda, wadda ciwon ciki ya hana ta sha.

"Wa ya fara sha?"

"Huseina."

"Ba Sauda aka aiko wa ba?"

"Ai faifan gidan su Huseina ne, Yallaɓai. Ɗiyar gidan da aka kawo abu ita ake fara miƙa wa ludayi. Haka muke yi."

Sufeto ya koma gindin tsamiya, ya duƙa kan Huseina. Gefen bakinta da wuyan rigarta duk sun yi ja. Ya shafa, ya sansana.

"Baba Lado, ina kake da aka gaya maka?"

"Gonata, can Wurma. Tun safe."

"Ka taho kai tsaye?"

"Ko gida ban biya ba."

"Ka ce iskoki ne."

"Su ne mana."

"To me ya sa ɗiyan mutane ka yi musu turare, taka kuma ka ɗura mata manja?"

Rahamatu na can tana ta gaida reshe.

"Tun da nake ban ga an ba mai iska manja ba," in ji Sufeto. "Wanda ya sha guba ake ba. Kafin in iso ba wanda ya ambaci guba. Ɗaga hannunka."

Hannun rigarsa ya yi ja har gwiwar hannu. A aljihu aka sami kwalbar manjan, saura kaɗan.

Baba Lado ya ajiye kaskon, ya zauna a ƙasa.

"'Yan ƙodagona nake jefa wa ƙwaya cikin fura, su yi noma har magariba ba gajiya. Sauda maƙwabciyarmu ce, ta gani. Ban yi nufin ta mutu ba. Na so ta yi sambatu kwana biyu, gobe ko mi ta faɗa a ce ta taɓu." Ya dubi tabarmar. "Na ce ita kaɗai."

"Ka taɓa ganin yarinya ta sha fura ita kaɗai?"



Samarin nan suka saki duwatsunsu, ba wanda ya dubi Magdalina. Ita ma ba ta dube su ba. Ta ɗebo ruwa ta zo ta goge wa Huseina baki.

Mota ta iso. Aka fara sa yaran ciki, kuma dukansu sun warke a asibiti bayan kwana uku. Da Kofur ya zo wucewa da Baba Lado da ankwa a hannu, Huseina ta ɗago kai. Ba shi ta duba ba, gefensa ta duba, inda babu kowa. Ta miƙa hannu kamar tana riƙe da ludayi.

"Baba, ga shi. Saura kai."

Ni duk lokacin nan ina ƙarƙashin tagar aji uku da littafina a cinya. Da na ga Sufeto ya fara waige-waige yana neman shaidu, sai na cire takalmina, na bi ta cikin gero don kada a kira ni shaida.