Ruwan Farar Ƙasa

Tun da aka kwantar da Baba a asibiti na daina zuwa makaranta. Umma tana can tana jinya, ni ke tsaron gida. Ban yi kuka ba. Kemistiri kawai nake koya wa kaina a kicin.

Ranar na jiƙa farar ƙasa, na tace ruwan garau a kofin gilashi. Littafi ya ce duk mai ran da ya hura numfashinsa a ciki, sai ruwan ya koma kamar madara. Ina zare bututun biro ke nan bayan isha'i, na ji an ce, "Uwata, me ake dafa mana?"

Baba ne a bakin ƙofa, da rigar asibiti. Ban ji buɗe gida ba, ban ji takunsa ba.

"An sallame ka?"

"Sun sake ni."

Na yi masa bayani. Ya yi dariya, ya ce bari ya zama ɗalibina. Ya karɓi bututun ya yi ta hurawa. Kumfa na tashi, amma ruwan yana nan garau.

"Ni na ɓata haɗin," na ce. Na karɓa. Bututun da sanyi, kamar daga firji aka ciro shi. Hurawa ɗaya na yi, ruwan ya yi fari fat.

Baba ya daɗe yana kallon kofin.

"Haɗinki lafiyarsa ƙalau, uwata," ya ce.