Matakala Ɗari Huɗu Zuwa Shagon Isogai

"Ki daina kallona haka, Fumino. Na gaya wa Mama, ta ce a'a," in ji Takuma.

"Ta ce a'a, shi ne kuma ta yi tafiyar awa uku a jirgin ƙasa ta zo?"

"Ta ce ba a ƙin mutane ta waya..."

Fumino ta ɗaga kai ta dubi gaba. A gabansu mahaifiyar Takuma ce take hawa matakalar dutsen da 'yar sandarta, ko waiwaye babu. Kaka ta kankama, ganyen bishiyoyin momiji ya yi jawur tun daga gindin dutse har ƙolinsa. Jama'a sai ɗaukar hoto suke, ita kuwa Fumino ko ganinsa ba ta yi.

A ƙasar nan, in an yi aure, sunan gida ɗaya miji da mata za su ɗauka. Fumino ita kaɗai ce 'yar Isogai, mai shagon shayin da ke saman dutsen nan tun kaka da kakanni. In ba ta kawo mijin da zai shigo gidan ya ɗauki sunan ba, gidan ya ƙare. Takuma kuma shi kaɗai ne ɗan Kuroda, mahaifinsa ya rasu tun yana ɗan shekara huɗu.

"Rabin raina, ni na yarda," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kai ka yarda! Ita fa? Ba zan raba uwa da ɗanta ba, Takuma. In ta ƙi, mun haƙura."

"Haba Fumino..."

"Da gaske nake." Ta faɗa da ƙarfin hali, amma zuciyarta kamar ta tsage.

Sun kusa kaiwa sama suka tarar da Baba Isogai durƙushe a kan matakala, yana tsince jiƙaƙƙen ganye da hannu yana zubawa a kwando. Busasshen ba ya taɓa shi, shi mutane suka zo gani. Jiƙaƙƙen ne ke kayar da tsofaffi. Gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, sai da ya dafa dutse kafin ya miƙe ya sunkuya wa mahaifiyar Takuma.

"Sannu da hanya. Ki gafarce mu, mun wahalar da ke."

"Kullum kake wannan aikin?"

"Kullum, har ganyen ya gama zuba."

"In ƙafar ta ƙi fa?"

Sai Baba ya ɗauki kwandonsa.

A bencin gaban shago Fumino ta kawo wa tsohuwar shayi da gasasshen dankali. Tsohuwar ta daɗe tana kallon kwarin da ya rine ja da ɗorawa.

"Yarinya, zauna. Kin san wa ke wanke kabarin gidan Kuroda?"

"Ke ce, Mama."

"Ni ce. Shekara ashirin da shida ina goge dutsen da ke ɗauke da sunan mutanen da ba jinina ba, don in miƙa wa wannan mai ƙaton kan. Shi ne yau zai ce suna ba komai ba ne!"

"Mama, ban ce haka ba..."

"Yi min shiru, ba da kai nake ba."

Hawayen Fumino suka zubo. "Zan riƙa zuwa ina wankewa. Duk shekara, ko da ni kaɗai ce."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni ba na faɗin abin da ba zan yi ba."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi Baba da ke tsaye yana ɓoye ciwon ƙafarsa. Ta ajiye kofin a hankali.

"Na zo ne in ce a'a. Tun daga gida nake maimaita ta." Muryarta ta karye. "Amma matattuna za su iya jira, matakalar nan ba za ta jira ba."

Ta miƙe, ta sunkuya wa Baba, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ɗan nan nawa ba ya cin albasa, kuma yana da taurin kai. Ga shi nan, ka riƙe shi amana."

Baba ya sunkuya fiye da ita. Fumino ta toshe baki tana kuka. Ta samu abin da take so, amma ba ta taɓa jin nauyi irin na yau ba.

Da tsohuwar ta juya za ta sauka, Takuma ya bi ta da sauri.

"Mama, tsaya in raka ki gida."

"A'a. Koma."

"Mama, don Allah..."

Ta gyara masa wuyan riga, ta ɗan bubbuga ƙirjinsa.

"Daga bana ni kaɗai zan riƙa komawa gidan can. Bari in fara koyo tun yau."