Katangar Guduma

Kwalba ce ta haɗa su. Wani ɗan kallo ya wurgo ta bayan an lallasa ƙungiyar su Guduma uku da nema a wasan ƙwallo, ta fasa wa Guduma gira, jini ya rufe masa ido. Sai da aka goge jinin ya ga mai riƙe da audugar: sabuwar nas ɗin ƙungiya, 'yar Koci.

"Tsaya mana! Ƙato da kai, kyaftin guda, kana tsoron allura?"

"Ba allurar ke kaɗa ni ba, Likita," ya ce, yana kallonta.

Daga ranar ya kamu, ita ma ba ta tsira ba.

Ƙungiyar kuwa ta mutu a tsaye. Koci mutum ne mai saurin hannu. In an sha kashi sai ya kulle ɗakin canja kaya, ya jefi wannan da takalmi, ya shaƙe wancan. 'Yan wasa suka karaya, suna shiga fili kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Guduma ya tura mata saƙo: "Likitata, yau ma Baba ya fasa wa mai tsaron gida leɓe. Saboda ke na yi shiru."

Ta amsa: "Kada ka yi shiru saboda ni, Zakina. Faɗa masa gaskiya, ina nan inda ka bar ni."

Ya faɗa, ya sha mari, aka zaunar da shi a benci. Shugaban magoya baya, wanda shi ma ke harin yarinyar, ya ƙara wa wuta fetur a wajen Koci: wai Guduma na neman 'yarsa, kuma shi ne ke hana yara wasa don a kori Koci.

"Na sake ganin ka kusa da 'yata," in ji Koci, "sai na karya ƙafar da kake taƙama da ita."

Wasa na gaba aka sake cin su. Magoya baya suka ɓalle shinge da duwatsu da gorori, Koci suke nema. 'Yan wasa suka ranta a na kare. Guduma ya waiga ya ga tsohon ya faɗi, Likita ta kifa a kansa tana ihu.

"Katanga!" ya daka tsawa.

Kalmar da suke ji kullum a atisaye ce, ƙafafunsu suka bi umarni kafin tunani ya zo. Suka jera kafaɗa da kafaɗa kamar za a buga musu bugun tazara, Koci da 'yarsa a bayansu. Dutse ya zubar wa ɗaya haƙori. Gora ta karya wa Guduma hannu, ya ji ƙarar ƙashin da kunnensa. Babu wanda ya motsa har 'yan sanda suka iso.

A asibiti Koci ya tsaya bakin gadonsa, ya kasa ɗaga ido.

"Bayan duk abin da na yi muku?"

"Koci, ba wasa muka ƙi ba, duka muka ƙi."

Tsohon ya yi kuka, ya bi 'yan wasansa gado gado yana neman gafara. Da ya dawo kan Guduma sai ya ce, "Turo manyanka."

Aka ɗaura aure ango na rataye da hannu a wuya, farin ciki kamar ya kashe shi. Koci ya kamo hannun 'yarsa ya sa a cikin hannun ango mai lafiyar.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ka riƙe ta da sanyin hannu, ɗana. Kada ka yi koyi da ni."