Wanda Ya Ɗauke Uwar-garken Makaranta

Ranar Litinin da safe Sufeto Makereta tana tsoma burodi a shayi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Savusavu, wani garin tsibiri. Wata malama ce daga makarantar sakandaren da ke can bakin teku. An shiga ɗakin kwamfuta, an yi ɗauka.

Sufeton ta ƙarasa shayinta, ta ɗauki hula ta fito.

Malama Urmila ce ta tare ta a bakin ɗakin, 'yar gajeruwar mace mai tabarau, alli har a gashinta. Kwamfutocin ɗalibai suna nan a jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Abu biyu kawai suka ɓata: babbar kwamfutar da ke kusurwa, da wani ƙaramin akwati mai ƙahoni da ake ajiyewa a saman durowa.

Makereta ta ce ita waya kaɗai ta iya latsawa, a yi mata bayani kamar yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya. Malamar ta ce babbar ita ce uwar-garke, duk abin da yaro ya rubuta a ƙananan kwamfutocin can cikinta yake tafiya ya kwanta. Mai ƙahonin kuma rauta ce, ita ke haɗa su duka su ji maganar juna. Aikin jarrabawar 'yan ajin ƙarshe na shekara guda yana cikin uwar-garken, masu dubawa kuma ranar Juma'a za su zo. In babu aikin, babu maki.

"Ba ki da kwafi a wani wuri?"

Malama Urmila ta cire tabarau ta goge. Akwai kwafi, a wani ɗan rumbun ajiya. Sai dai Juma'ar da ta wuce ta bar shi maƙale a bayan uwar-garken, ita da kullum take yi wa yara faɗa kada su yi haka.

Sufeton ta duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa lau. Ta durƙusa a kusurwar. Ba a yanke waya ko ɗaya ba. Wayar da ke saukowa daga farantin intanet na kan rufi an zare ta a hankali, an naɗe ta zagaye-zagaye, an ɗaure bakinta irin ɗaurin da masunta ke yi wa zaren ƙugiya. Wanda ya yi wannan aikin ba sauri yake yi ba, ba kuma tsoron kowa yake ji ba.

Mukulli biyu ne, na malamar da na hedimasta.

Hedimasta Apakuki ƙaton mutum ne mai furfura, muryarsa ta cika ofis. Ya sa aka kawo wa baƙuwa shayin ganyen lemo da dafaffen rogo. Ya ce mukullinsa bai bar aljihunsa ba tun ranar Juma'a, har coci da shi ya je. Ya ce shi yana zargin waɗansu baƙi ne da suka zo da jirgin ruwa na shaƙatawa, ya ga fararen filafilansu daga nesa. Ya daɗe yana ba da labarin yadda ya gina ɗakin nan, yadda ya yi ta zarya Suva, babban birni, har aka samu kayan. "Ɗakina," yake cewa, "kwamfutocina."

Makereta ta bar shi ya gama. Sannan ta tambaye shi me ya sa ba shi ya kira ofis ba, tunda shi ya fara ganin ɗakin da safe.

Hedimasta ya ce yana shirin kira ke nan malama ta riga shi. Ya tura mata farantin rogo, idonsa na kan taga.

Daga nan ta wuce ajin ƙarshe. Yaran sun yi jugum, wata har ta yi kuka ta gaji. Kafin su shiga, malamar ta faɗa mata wani abu a hanya: rauta ba ta manta sunanta. Ko ina aka kai ta aka jona da wuta, za ta ci gaba da shelar sunan waifan makaranta, wato siginar da wayoyi ke kamawa su shiga intanet, kuma duk wayar da ta taɓa shiga za ta gane ta ta kama da kanta.

Sufeton ta tsaya gaban allo ta tambaya wa ke da waya. Babu kowa. Dokar makaranta ta hana, kuma su yara ne masu bin doka.

"To madalla," in ji ta. "Ni zan juya in kalli allo, Malama ma za ta juya. Ba mu san aljihun kowa ba."

Da suka juyo, teburin gaba ya cika da wayoyi, wata da ɗumin safa a jikinta. Aka fashe da dariya, har da mai kukan. Sai yaran da ke zuwa a motar safe suka fara kallon juna. Da yawansu wayarsu ta kama waifan makaranta yau a hanya, daidai inda mota ke rage gudu a gaban zauren taro na ƙauyen Navoto. Sun ɗauka wayar ce ta rikice, don alama ta cika fal amma ko saƙo ɗaya bai shigo ba.

Makereta ta san Navoto. Can aka kai ƙanwar hedimasta aure.

Ta koma ofishinsa ta ce ya taso ya raka su. Ya ɗauki lemarsa don hadari ya haɗo. A hanya ta tsaya a wani shago ta sayi damin saiwar yangona, wadda ake dakawa a dama a sha wajen taro, don ba a shiga ƙauyen mutane hannu sake, ko da kaki a jiki. Malama Urmila na bayan mota riƙe da waya. Suna kaiwa kwanar ƙauyen ta ce, "Ta kama."

Sufeton ta cire hula, ta ɗaura zane a kan kaki.

Zauren cike yake da maza, an shimfiɗa tabarmi, an ɗauko talabijin ɗin coci an jona da uwar-garken. Yau ake wasan ƙarshe na ƙwallon ragbi, tashar talabijin kuma ba ta kaiwa bayan dutsen nan. A gaban kwamfutar wani magidanci ne mai faɗin ƙirji ya tsuguna, waya a kunne, filashi mai ɗauke da sabuwar manhaja a cake a jikin na'urar. Shi ne Sekove, masunci, ɗan ƙanwar hedimasta. Wani ɗan'uwansa na Suva ne ke karanta masa abin da zai yi: kalmar sirri ce ta kulle intanet ɗin a ciki, a wanke na'urar a zuba sabuwar manhaja, duk tambayar da ta fito ya danna e.

Malama Urmila ta karanta abin da ke kan allon ta kama hannun sufeton. Na'urar tana tambaya ne ko a goge duk abin da ke cikinta.

Ihu ba zai yi ba, yatsan Sekove ya fi ƙafar sufeton kusa da na'urar. Makereta ta sunkuya, ta shiga da damin yangona a hannu biyu, ta zauna gaban dattijon ƙauye ta ajiye.

Dattijon ya yi gyaran murya. Nan take kowa ya bar abin da yake yi ya zo ya naɗe ƙafa. Sekove ya ajiye waya ya baro kwamfutar, don ba a karɓar gaisuwar baƙo wani yana can yana harkar gabansa. Aka yi jawabi, aka yi addu'a, aka dama yangonar. Sufeton ta roƙi alfarmar a ba Sekove ƙoƙo bayan nata. Ya tafa, ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai. Kafin ya sauke ƙoƙon, Malama Urmila ta rarrafa ta bayan mutane tana neman gafara, ta danna a'a, ta zare filashin.

"Sekove, kai ka ɗauko kayan nan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Jiya bayan coci. Na zaro mukulli a aljihun Kawu, yana kallona."

Ya faɗa ne fuska a sake. Shi vasu ne, wato ɗan 'yar'uwa, a al'adarsu duk abin da ya gani na kawunsa yana da ikon ɗauka, kawun kuma ba ya da bakin hanawa. Bara ma injin kwalekwale ya ɗauka. Ya ce tun da aka gina ɗakin nan yake jin Kawu na cewa kwamfutocina.

Ido ya koma kan hedimasta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ɗana," in ji shi a hankali, "ba nawa ba ne. Na yara ne. Bakina ne ya yi tsawo."

Wani tsoho daga baya ya ce ai sun daɗe da sanin tsawonsa. Zauren ya kece da dariya, hedimasta ma bai iya riƙe tasa ba. Malama Urmila ta yi musu bayani cewa intanet ba a cikin akwatin yake zaune ba, ta wayar faranti yake shigowa, wadda Sekove ya naɗe da kyau ya baro a makaranta. Sekove ya dafe kai.

Malamar ta sake kunna na'urar. Fanka ta yi ƙara, babbar manhaja ta tashi, ta sa kalmar sirri tana kare madannan da kafaɗa. Sunayen yaran suka fito a jere, kowa da aikinsa. Ta buɗe na farko, ta buɗe na ƙarshe, sannan ta zauna daɓas a tabarma tana dariya tana share ido.

Makereta ta ce wa Sekove zai bi ta ofis ya ba da jawabi, hedimasta ma zai biyo baya ya gyara labarin jirgin ruwansa. Ba ta fito da ankwa ba. Sekove da kansa ya rungumi uwar-garken kamar jariri, ya kai mota ya lulluɓe ta da tabarma.

Ruwa ya tsuge daidai lokacin da ya dawo ɗaukar rauta. Ya tsaya a bakin zaure ya dubi sama, ya dubi kawunsa.

"Kawu, lemar nan fa? Ta makaranta ce ko taka?"

Hedimasta ya yi ajiyar zuciya. "Tawa ce."

Sekove ya zare ta daga hannunsa, ya buɗe, ya riƙe wa sufeto har bakin mota.